Ƙuri'ar da Ta Haɗa Ni da Kawuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Nasiru tela daga Ƙofar Ruwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar, mu magoya bayan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na unguwarmu muka zauna zaɓen gwanin lamba huɗu, wato ɗan tsakiya mai tare wa 'yan baya, tun kafuwar kulob ɗin. Mutum biyu suka rage: Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, wanda ya karye a ƙafa yana buga mana, da Ɗanliti mai bugawa yanzu. Aka yi kunnen doki, saura ƙuri'ata.

Kawu ya dube ni ya ce, "Faɗi gaskiyarka, Nasiru."

Na ce, "Ɗanliti."

Kawu ya dogara sandarsa ya tafi. Yau kwana shida ba ya amsa gaisuwata, ga shi kuma shi zai shige gaba wajen nema mini aure sati mai zuwa.

Jama'a, in je in janye maganata alhali har zuciyata na faɗa? Ku ba ni shawara.

Kawu, in kana saurare, ɗanka yana gaishe ka.