Ƙusa Biyu a Ƙarƙashin Kaza

A tashar motar Jinotega, Eulalia na zaune da kwando a cinya, kazarta na kwanci a ciki. Wani tsoho mai malafa ya zauna gefenta yana ta korar ƙuda.

"Baiwar Allah, kazarki ta tara mana ƙudajen garin nan kaf. Akwai baragurbi a ƙarƙashinta."

"A ƙwaina? Baba, leƙa cukun da ke jakarka, can suke biki."

Ya leƙa, ya tsuke bakin jakar. "To, wa ke yawo da kaza mai kwanci?"

"'Yata ce ta haihu a Matagalpa. Ƙwan kuma gobe za su ƙyanƙyashe, in bar wa wa? Mijina? Ai da wake zai cinye su!"

Aka kwaɗa tsawa a bayan dutse. Tsohon ya zabura.

"Kin sa ƙusa a ƙarƙashin ƙwan? Tsawa na kashe tsako tun yana ciki."

"Na sa guda."

"Guda! Camfin mata ne, ni ban yarda ba, amma marigayiya matata biyu take gicciyawa."

Ya laluba aljihu ya zaro wata ƙusa mai tsatsa. Eulalia ta ƙunshe dariya.

"Wanda bai yarda ba, me ƙusa ke yi a aljihunsa?"

"Tata ce. Ungo, tura."

Tana cusa hannu, wani abu ya ce tsiyau a ƙarƙashin fiffike.

"Baba, motarka za ta tashi fa."

"Ta tashi mana! Ɗaga fiffiken in gani."