An Gaya Mata Hukuncin Salla, Ba a Ce Ta Je Asibiti Ba

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa. Daga Sharaɗa nake rubutowa, raina a ɓace.

Ƙanwata Rabi tana aiki a kamfanin robobi. Al'adarta ta rikice, jini ya ƙi ɗaukewa. Ta tambayi malamar Islamiyyarsu, aka ce mata, "Jinin ciwo ne, yi wanka ki ci gaba da salla." Hukuncin daidai ne, amma wa ya ce ta je asibiti? Babu! Sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin inji, sannan likita ya gano ƙari a mahaifarta.

Damuwa ko allurar tazarar haihuwa kan rikita al'ada. Amma in jini ya daɗe, ya yi yawa, ko ana jiri, a ga likita. Malamanmu, in kun ba da fatawa, ku haɗa da wannan.

Ina gaida Rabi a gadon asibiti. Allah ya tashi kafaɗarta.