Sajen da Bai Ƙirga Yaransa Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon soja ne a Durumi. Shekara goma sha huɗu na yi kafin a ɗaura mini igiya uku ta saje. Yanzu kuwa rabon igiya ake yi kamar goro!

Makon jiya su ɗana, wanda shi ma soja ne, suka gama atisaye a dajin Abaji. Sabon sajensu ya haye gaban mota ya ce a ja, bai ƙirga yaransa ba. Ɗana na kwance gindin bishiya da zazzaɓi, sai wani manomi ne ya tsince shi.

Na sami sajen a bariki, wai, "Baba, ba wanda ya gaya mini." Saje ake gaya wa?

Jama'a, wa zan kai ƙara, shi ko wanda ya ɗaura masa igiyar?