Dambun Naman da Bai Isa Kongo Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shirin nan na rediyo. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ina son Yaya Sani, ɗan maƙwabtanmu a Badarawa, mai karatun lauya a Zariya.

Na lallaɓi Gwaggo ta raka ni in kai masa dambun nama, wai saƙon Innarsa ne. Muka yini a ƙofar jami'a a Samaru, ina jiran ya hango ni kamar a littattafan soyayya. Sai da la'asar aka ce mana masu karatun lauya can Kongo suke, ɗaya reshen jami'ar a wata unguwa daban! Gwaggo ta harare ni ta ce, "Uwar tasa ce ba ta san inda ɗanta yake ba?" Ta zauna ta cinye dambun.

Jama'a, in sake komawa? Gobe zan daure in miƙa wa Baba wasiƙar nan ya kawo muku. Don Allah a sakaya sunana.