Shaidar Kawunta

A ɗakin jira na asibitin ido, wata dattijuwa da mutumin da ke zaune kusa da ita suka kama hira.

"Mama, ke ma idon ne?"

"A'a, 'yata na rako. Muƙamin babbar mai binciken manyan laifuka take nema a hukumar tarayya, sai an gwada idonta."

"Kai! Har da ido?"

"Ido kaɗai? Ga digiri, ga shekaru tana aikin bincike, ga jarrabawa, ga gwajin gudu. Yarinya duk ta rame. Sannan suka bi dangi da maƙwabta suna tambayar halinta."

"Ai wannan mai sauƙi ne, dangi ba sa kushe nasu."

"Ba ka san ƙanena ba. Bara aka kama ɗansa da motar sata, ya zo har gida wai ta sa baki. Ta kawo masa ruwa, ta ce ba za ta iya ba, ta raka shi bakin ƙofa. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Subhanallahi. Kuma suka je wurinsa?"

"Shi suka fara samu! Ya ce musu yarinyar nan ba ta da mutunci, ko uwarta ta kama ba za ta sake ta ba."

"To, me suka ce?"

"Godiya suka yi masa. Washegari suka kira ta gwajin ido."

Mutumin ya yi dariya. "Ke fa, Mama, maganar ba ta yi miki zafi ba?"

"Zafin me? Ai gaskiya ya faɗa. Ni na raine ta haka."