Tukunya a Kan Kabari

Ranar ziyarar matattu ta shekara-shekara, tsoho Tiburcio yana jiran bas a ƙofar maƙabartar garin Atlixco, sai wata mata ta sauke tukunya kusa da shi.

"Baiwar Allah, ba ke ce kika baje abinci a kan kabari ɗazu ba? Har da kiɗa?"

"Ni ce, Baba. Kabarin mijina ne."

"Mutum yana kwance, ke kina kansa kina lasar yatsa? Ina girmamawa a nan?"

"Shekara ashirin bai taɓa bari na ci ni kaɗai ba. Don ya mutu sai in fara? Kai wa kake da shi a ciki?"

"Matata, Casilda. Na ajiye fure, na cire hula, na fito. Haka ake yi."

"Ko zama ba ka yi ba?"

Tiburcio ya daɗe yana murza bakin hularsa.

"Duk shekara sai ta dafa kaza, ta ce in raka ta kabarin mahaifiyarta. Ni kuwa in ce ba na ci a maƙabarta. Ita kaɗai take ɗaukar kwandon, ta dawo min da rabona a rufe. Sau talatin da ɗaya."

"Ayya, Baba." Ta buɗe tukunyar. "Ga saura, da ɗuminsa. Kai mata."

"Bar shi, 'yata. Cewa za ta yi, sai yanzu ka ga dama?"

"Za ta faɗa kam. Sai ka zauna ka saurara."