Karyar da Ke Sauraron Karatuna

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, ina gaishe ki da duk masu sauraro.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarata goma sha shida, a Hayin Banki nake, kuma karyar maƙwabcinmu nake karanta wa littattafan soyayya.

Kunya ke sa in ɓuya a bayan ɗakinmu in yi karatu jikin katanga. A ɗaya gefen karyar take ɗaure da sarƙa, irin manyan karnukan nan na ƙasar waje. Aikinta haihuwa kawai, ana sayar da 'ya'yan tun suna shan nono. Yini take haushi, kowa tsoronta yake ji.

Wata rana na ɗan ɗaga murya, sai haushin ya tsaya cak. Na leƙa ta hudar bulo, na ga ta ɗora haɓa kan ƙafafunta tana kallona. Da na yi shiru ta yi ɗan kuka, da na ci gaba ta lumshe ido. Wallahi Anti, wata huɗu ke nan, kullum haka.

Jiya na ji mai ita yana ce wa Babanmu, "Alhaji, ta daina haihuwa, ga mugun hali. Ranar Asabar masu sayen karnuka za su ɗauke ta." Na san yanka su ake yi.

Anti, mugun hali ne ko azabar ɗauri? Akwai hukumar da ke hana wannan, ko likitan dabbobi da zai karɓe ta?

Baba ba ya fashin shirinki, kuma zai gane ni ce. Sau uku ina mayar da takardar nan cikin littafi. Amma yau Laraba, don haka ina sa hijabi zan kawo miki takardar gidan rediyo da hannuna.